Kujerar tsohuwar Massey za ta karya mini baya: a ɗaure resor ko a sassauta?

Ɗan Badagishiri:
Assalamu alaikum ƴan uwa manoma da masu garaji. Ina kwananku, ina gajiya. Matsala ce ta kawo ni, kuma na san a gidan nan akwai waɗanda suka girme ni a harkar ƙarfe.

Taraktar da Baba ya bar mana, Allah ya jiƙansa, Massey Ferguson 135 ce mai injin Perkins silinda uku. Inji lafiya lau, bugu ɗaya take tashi. Kujerar ce ta zame mini ƙarfen ƙafa. Ba ta asali ba ce, wata ce aka ɗora tun ina yaro, irin mai resor biyu, wato naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe masu lilo, a tsaye a bayan majingina, da wani dunƙulen abin murɗi a samansu. In na zauna sai ta nutse har ƙasa. Duk ramin da na faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe, in ji shi har cikin haƙorana. Satin da ya wuce na yi sawu shida na taki da rimok a hanyar dutse, da dare ko ruku'u ban iya yi yadda ya kamata ba.

Sai na sa filaya na ɗaure abin murɗin iya ƙarfina. Ni dai na ɗan samu sauƙi. Amma ƙanena da ke karɓa ta bayan azahar ya ce yanzu kamar a kan turmi yake zaune, kuma in ya hau kunya sai kujerar ta cilla shi sama. To ɗaurewa ake yi ko sassautawa? Ko resor ɗin ne ya mutu? Damina ta ƙarato, har mutane sun fara ba da kuɗin huɗa.

Mai Walda Ƙonni:
Wa'alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka. Kawo ta in zuba mata walda ta tsaya cak, ka samo soso mai kauri ka naɗe da buhu. Mutum huɗu na yi wa haka bana, ba wanda ya dawo.

Ɗan Katako:
Ba wanda ya dawo, ko dai ba wanda ya iya miƙewa ya dawo?

Mai Walda Ƙonni:
Kai dai wanda za ka sayar wa sabuwar kujera kake nema.

Ɗan Katako:
Ban musa ba, kasuwa ai ba haramun ba ce. Amma ko ni ba zan ce ya saya ba tukuna. Ƙarfen tsofaffin kujerun nan ya fi na sababbin da ke shigo mana kauri.

Tsohon Direba:
Ɗana, Allah shi jiƙan mahaifinka. Ku yaran yanzu kun cika son daɗi. Mu da munka fara tuƙi, kujera kwano ce ta ƙarhe mai huje-huje don ruwa da zuhwa su tsiyaye, an ɗaure ta bisa wani lanƙwasasshen ƙarhe mai hwaɗi. Shi ɗai ne resor ɗin. Babu abin murɗi, babu komi. Ƴar tokan Ferguson ta farko haka take, kuma da yawan 135 ɗin ma haka sunka zo. Buhu wofi muke ninkawa mu zamna tun hantsi har magariba. Amma walda kam kak ka yi ta. Ko waccan kwanon tana ɗan lilo, walda kuwa kashe lilon za ta yi gaba ɗai.

Majo:
Baba, a gafarce ni, yanzu yaya bayan naku?

Tsohon Direba:
Majo, kak ka tona min asiri cikin yara. Shekara tara ke nan a zamne nike salla.

Makaniken Tawa:
Salamu alaikum. Yanzu na wanke hannu na ga maganar. Ɗan Badagishiri, kafin kowa ya ba ka magani bari a san ciwon. Amsa mini waɗannan.

Kai kilo nawa ne, ƙanenka kilo nawa? In ba kowa a kai, ka danna kujerar da gwiwa har ƙasa, santimita nawa take tafiya daga sama zuwa inda ta tsaya? Sa sanda a gefe ka yi alama, kada ka kimanta da ido. In ka sake ta, a hankali take komawa sama, ko wuf ɗaya, ko tana tsayawa a hanya sai ka taimaka mata? Sannan leƙa tsakanin resor biyun, akwai ƙaramin amortiser, wato ɗan bututu mai mai a ciki da ke rage fizgar resor? In akwai, jikinsa a bushe yake ko ya jiƙe da mai?

Ɗan Badagishiri:
Na gode Gwani. Mun hau sikelin masu albasa ranar kasuwa, ni 93, Auta 56. Tafiyar kujerar na auna yanzu, santimita 8 ce, amma sai da na tsaya a kanta da ƙafa kafin ta sauka, tunda na ɗaure ta. Komawa kuwa, tana ɗan maƙalewa a tsakiya, sai kuma ta fizga sama ta bugi ƙarfe. Amortiser akwai, baƙi ƙirin, ƙasa ta manne masa kamar an yaɓa.

Mushe:
Madalla da waɗannan lambobin, su nake jira. Ku ba ni dama in yi darasi kaɗan, na san yau ba ranar lakwal ba ce.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne zaton abin murɗin nan yana sa resor ya yi tauri ko laushi. Ba ya yi. Taurin resor tun daga masana'anta aka yanke shi: kaurin wayar, faɗin naɗin, da yawan naɗin. Ku tuna sikelin rataye na mahauta. In kilo ɗaya ya ja allura tazarar yatsa ɗaya, kilo biyu yatsa biyu zai ja, uku yatsa uku. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a 1678, har yau sunansa take ɗauke da shi.

Abin da murɗin ke yi, yana jan resor ɗin tun kafin ka zauna, kamar an riga an rataya masa wani nauyi. Kujerar ba za ta motsa ba sai nauyinka ya haura wanda aka riga aka ja.

Ga misali, kuma misali ne kawai don lissafi ya fito. Ba duk nauyin mutum ke kan kujera ba, ƙafafu suna kan matakala, hannu na kan sitiyari, kusan kashi uku cikin huɗu ne ke sauka a mazauni. Kai mai 93, kilo 70 ke nan. Auta mai 56, kilo 42. A ce kowane kilo 7 yana saukar da kujerar santimita ɗaya. In ba a ɗaure komai ba, kilo 70 ɗinka santimita 10 yake nema, alhali 8 ce gaba ɗaya. Shi ne ƙarfe ke dukan ƙarfe. Da ka ɗaure, a ce ka ja resor da kwatankwacin kilo 42. Kai saura 28 ya rage maka, ka sauka santimita 4, ka tsaya a tsakiya daidai. Auta fa? 42 a cire 42. Babu. Ko motsi kujerar ba za ta yi masa ba, a manne take da matokarin sama. Da ya ce turmi, gaskiya ya faɗa.

Ɗan Katako:
Mushe ya dawo da mu aji. Saura bulala.

Mai Walda Ƙonni:
Ni fa ban yarda ba. Da hannuna nake murɗa irin waɗannan, ina ɗaurewa ina jin kujera tana ƙara tauri. Ta yaya za a ce mini ba ta yi tauri ba? Abin da hannu ya taɓa ya fi abin da alli ya rubuta.

Mushe:
Abin da hannunka ya ji gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Farkon motsin ne ya yi wuya. Da zarar ta fara sauka, kowane santimita kilo 7 ɗin nan dai yake ci, ko ka ɗaure ko ka sassauta. Gwada: samo buhunan siminti na Malbaza biyu masu kilo 50, ɗora ɗaya ka yi alama, ƙara na biyu ka yi alama. Ƙara ɗauri kaɗan ka maimaita. Muddin buhun farko ya ɗaga ta daga matokarin sama, na biyu kuma bai kai ta ƙasa ba, tazarar da ke tsakanin alamomin ba za ta canza ba, wurinsu ne kawai zai hau sama.

Mai Walda Ƙonni:
Siminti buhu biyu don in ci gardama? Na bar maka.

Makaniken Tawa:
Lissafin Mushe daidai yake, amma a kan kujera mai lafiya. Ni abin da ya ja hankalina shi ne maganar maƙalewa a tsakiya. A Adar ƙura ce ke kashe kujera kafin resor ya gaji. Irin wannan kujerar tana hawa da sauka ne a kan ƴan ƙananan tayoyi cikin kwararo biyu a bayan majingina. In ƙasa ta cika kwararon, ko tayar ɗaya ta daina juyawa ta soma gogawa har gefenta ya baje, to ƙananan girgiza ba sa isa su motsa ta, duk a bayanka suke ƙarewa. Babban rami kuwa ya ƙwace ta da ƙarfi ta faɗa ƙasa gaba ɗaya. Ka ga ta haɗa maka sharri biyu. Sai mutum ya yi ta murɗa resor, alhali ba shi da laifi.

Fizgar da take yi sama kuma aikin amortiser ne da ya daina. Resor ba ya shanye bugu, ajiye shi yake yi ya maido maka. Amortiser ne ke riƙe shi don ya dawo a hankali. Baƙin da ka gani ya manne masa, mansa ne ya zube ƙura ta bi. Cire shi, ƙusoshi biyu ne kawai. Ja shi ka tura da hannu. In yana turjewa daga farko har ƙarshe, da sauransa. In yana tafiya sakaka kamar famfon keke, ya gama yayi.

Hajiyar Galmi:
Sannunku da aiki. Ni ban san resor ba, ban san Hooke ba, amma tarakta biyu gare ni kuma ni ke biyan kuɗin maganin direbobi, don haka ina da ta cewa. Ɗana, ka duba iskar tayoyin baya? Bara lokacin kwasar albasa wani direbana ya yi ta kukan baya, muka canza kujera a banza. Ashe wani mai faci ne ya ɗura wa tayoyin iska har ma'auni ya nuna kilo biyu da rabi kamar na mota. Taraktar ta koma tsalle kamar ɗan akuya. Da aka rage, magana ta mutu.

Makaniken Tawa:
Hajiya ta taɓo inda na manta. Irin 135 ba ta da resor ko ɗaya a ƙafafun baya, gatarin a ɗaure yake da jikin giya. Taya da kujera su kaɗai ne tsakaninka da dutse. Tayar baya ta wannan ƙaramar, wajen kilo ɗaya take so a gona, a ɗan ƙara in za a ja kaya mai nauyi a hanya. In an cika ta da ruwa don nauyi, nan ma tana ƙara tauri, domin iskar da ta rage a ciki kaɗan ce.

Ɗan Badagishiri:
Wallahi Hajiya ban taɓa aunawa ba. Mai faci yana bugawa da ƙarfe ya saurari ƙara, shi ke nan.

Hajiyar Galmi:
To sayi ma'auni naka. Bai kai kuɗin allura biyu ba. Game da ƙura kuwa, yarana baƙin mai suke zuba wa kujera duk sati, ba ta taɓa maƙalewa ba.

Makaniken Tawa:
Hajiya, a nan kam mun rabu. Baƙin mai da ƙurar Adar in sun haɗu, abin wasa wuƙa suke zama. Yau za ta yi santsi, bayan wata shida tayoyin sun cinye. Na fi son a wanke da gazuwal, a goge ta bushe.

Tsohon Direba:
A bushe? Gwani, ƙarhe bisa ƙarhe babu mai? Tun kan a haihe ka nike jin kukan ƙarhen da anka bari da ƙishirwa. Ci kansa shika yi.

Makaniken Tawa:
Baba, ban ce a bar komai da ƙishirwa ba. Zaren abin murɗi yana son giris, ƙusoshin da ke cikin rami ma haka, a shafa a goge abin da ya fito waje. Kwararon da ke buɗe ga iska ne nake cewa, musamman in tayoyin na roba mai tauri ne. Waɗannan ba su buƙata.

Tsohon Direba:
In na ƙarhe ne fa?

Makaniken Tawa:
Sai a shafa ɗan kaɗan da yatsa, a yanko robar tsohon tiyub a rufe bayan kujerar kamar labule.

Tsohon Direba:
Tau, ka dawo hanya.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni shawarata mai sauƙi. Amortiser na babur Kasea yana nan birjik a kowace kasuwa, da resor ɗinsa a jiki. Cire tsofaffin kayan nan duka ka ɗaura guda. In kuma resor ɗin ne ya saki, kai wa maƙeri ya gasa shi ya gyara masa tsayi, ko a yanke naɗi biyu.

Maƙerin Buza:
Kada ka kawo mini, ba zan taɓa ba. Ƙarfen resor an yi masa wuta da sanyi a ma'auni, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Da zarar ya yi ja a wutata, wannan halin ya tafi. Ko dai ya zama laushi kamar wayar ɗaurin kara, ko in na tsoma shi a ruwa ya yi tauri ya ɓalle rana ɗaya kana bisa. Gatari da hauya muke yi da tsohon resor na mota, kuma sun yi kyau, amma ba mu taɓa maida shi resor ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mushe:
Yanke naɗi kuma akasin abin da ake zato yake yi. In ka rage naɗi, resor ƙara tauri yake, tunda kowane naɗi da ya rage shi zai ɗauki rabon waɗanda aka cire. Wannan ita ce hanyar da taurin ke canzawa da gaske, kuma ba ta komawa.

Makaniken Tawa:
Na babur na taɓa gwadawa sau ɗaya, ban sake ba. An yi shi ne don nauyin babur da mutum biyu da buhu. A kujera ko motsi ba ya yi.

Mai Walda Ƙonni:
Don ka tsayar da shi a miƙe ne. Kwantar da shi a karkace, zai yi laushi. Akwai wadda na yi wa haka, tana aiki a fadamar Ƙonni yanzu haka.

Mushe:
A wannan Mai Walda ya fi mu gaskiya. Karkacewar tana rage ƙarfin da ke isa kujera. Sai dai samun kusurwar da ta dace aikin gwaji ne, kuma kujerar da ke da resor biyu masu rai ba ta buƙatar haka.

Mai Walda Ƙonni:
A rubuta ranar yau. Mushe ya ce na yi gaskiya.

Majo:
Ku bar ni in sa baki, domin ƙarshen wannan maganar wurinmu take zuwa. Jikin mutum a zaune yana da girgizar da ya fi jin jiki da ita, wajen bugu 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Tarakta a kan fako ba ta nisa da wannan. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu ƴan matasai masu laushi, su ke shan matsar, shekara da shekaru, har wata rana ɗaya ta bulluƙo ta danne jijiya. A Turai tun 2002 suka kafa doka kan yawan girgizar da ma'aikaci zai sha cikin awa 8. Mu nan dokar ita ce sai gona ta ƙare.

Ɗan Badagishiri, in ciwon a ƙugu kawai yake, huta ka gyara kujera. In ya fara sauka ta cinya har ƙafa, ko yatsu suna mutuwa, ko ƙafa ta rage ƙarfi, kada ka tsaya shan ƙwayoyin tebur, zo a duba ka. Abu biyu kuma da direbobi ke yi da ke ba ni haushi: dirowa daga tarakta da tsalle, da ɗaukar buhu nan take bayan awa uku a zaune. Sauka a hankali, taka ƙasa kaɗan tukuna.

Tsohon Direba:
Da an gaya min haka ina saurayi ma ba ni ji. Amma ku ji. Ni abin da ya hi ba ni tsoro shi ne yaron ga da kujera ke cillawa. Wagga tarakta ba ta da ƙarhen kariya bisa kai. In ta cilla shi ƙahwa ta zame daga kuloci, ko shi kansa ya zame gaban taya, ba a maganar ciwon baya kuma. Kak ka bar shi ya hau sai an gyara.

Ɗan Kabu-kabu:
A ɗaura masa bel mana irin na mota.

Makaniken Tawa:
A'a. Bel da ƙarfen kariya tare suke tafiya. In babu ƙarfen, tarakta ta kife, bel ɗin ne zai riƙe shi a ƙarƙashinta.

Ɗan Badagishiri, ga yadda za ka yi. Kashe inji, sauke garma ƙasa. Sassauta abin murɗin har ƙarshe kafin ka taɓa resor, domin resor da ke a ja in ya kuɓuce ba ya tambayar ido ko haƙori. In zaren ya yi tsatsa jiƙa shi da gazuwal ya kwana, bar filayar nan haka, za ka cinye masa kai. Sa guntun itace ya tokare kujerar kada ta datse maka yatsa. Ka lura kuma, in za ka sauke ta daga taraktar: 135 an ƙera ta tsakanin 1964 da 1975, ƙusoshinta na inci ne. Kile 13, wato sifana mai milimita 13, yana shiga kan rabin inci da ɗan sako-sako, tunda rabin inci milimita 12.7 ne, in ka matsa sai ka murje kan noti. Kile 19 kuwa yana zama daidai a kan kashi uku cikin huɗu na inci. Kuma kujerar a kan murfin haidirolik take zaune, kada ka ga wani dogon bulon ka cusa, kada kuma ƙasa ta samu hanyar shiga.

In ka maida komai, sauka daga kujerar kafin ka murɗa, zaren ya fi daɗewa. Murɗa, hau, a duba alama a sanda, sauka, ƙara. Abin da kake nema santimita 4 cikin 8 ɗin nan, kana zaune yadda kake tuƙi, ƙafa a matakala.

Admin:
Waɗanda ke turo tallar irin albasa a tsakiyar maganar nan, na goge. Akwai ranar talla, Juma'a ce.

Ɗan Badagishiri:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da shirun kwana uku, aikin ne ya fi yadda na zata. Ga abin da na tarar.

Tayoyin kujerar huɗu ne, na roba mai tauri. Biyu suna juyawa, ɗaya ta ƙafe, ɗaya gefenta ya baje kamar an yanka da wuƙa. Ƙasar da na kwaso daga kwararon ta cika gwangwanin tumatir. Amortiser kuwa famfon keke ne sak, Gwani, har da ƴar ƙarar iska. Resor biyun tsayinsu ɗaya, ba tsaga, na wanke na maida. Mai tur, wato mai injin fiƙa, ya fiƙe mini sabuwar taya ɗaya jika biyu. Tayoyin baya, Hajiya, na sayi ma'auni: ɗaya kilo 2.2, ɗaya 1.6. Ashe a karkace nake tafiya ban sani ba. Na maida kowace kilo 1.1.

Da na zo saiti, abin mamaki, ɗaurin da ya tsayar da ni a tsakiya bai kai wanda na yi da filaya ba, kuma da hannu yake murɗuwa yanzu. Daga wurina zuwa wurin Auta zagaye goma sha ɗaya ne. Na sa jan fenti a zaren a wurina, fari a wurinsa. Sauran matsala ɗaya, tunda babu amortiser tana lilo kamar kwale-kwale a tafkin Tabalak, sai na rage gudu. Na hana Auta hawa tukuna, Baba.

Auta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, yanzu aka sa ni a gidan. Na gode da kuka tsaya mini. Ƙorafi ɗaya gare ni. Yaya ya ce duk wanda zai hau shi zai murɗa zuwa alamarsa. Ni zan sassauta sha ɗaya da azahar, shi ya ɗaure sha ɗaya da safe. Na yarda. Amma jiya cewa ya yi in na gama da yamma in maida masa kan ja kafin in tafi. Ashirin da biyu ke nan a kaina, shi ko ɗaya.

Tsohon Direba:
Haka ƙanƙanta take, yaro. Ci tuwo ka kamo shi, ku zamna bisa alama guda.

Hajiyar Galmi:
Ko shi ya rage.

Mushe:
Mai Walda, ka ji sakamako. Resor bai canza ba, wurin zama ne ya canza.

Makaniken Tawa:
Mushe, ka ji sakamako. Gwangwanin ƙasa guda, babu shi a lissafinka.

Ɗan Katako:
Ku ci gaba da rabon nasara, ni kasuwa ta zo. Ɗan Badagishiri, auna mini amortiser ɗin daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, a miƙe da kuma a tsuke, da faɗin ramin ƙusa. Turo hoto ta akwatina. Akwai na kujerun manyan motoci da aka kwance a nan Katako, in an dace da tsayi zan sa maka a motar Tawa ta Alhamis.

Ɗan Badagishiri:
A miƙe santimita 22, a tsuke 15, rami milimita 10. Hoto na tafe. Af, na manta. Da na wanke ƙarfen da ke riƙe kujerar a ƙasa, na ga tsaga a gefen hagu, tsawon ɗan yatsa, nan inda take ta duka shekara da shekaru. Wannan fa?

Makaniken Tawa:
Wannan kam sai walda. Amma a ƙasa, bayan an sauke ta daga taraktar, an cire resor da tayoyin roba. A huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar kafin a zuba, don kada ta ci gaba.

Mai Walda Ƙonni:
Alhamdu lillahi. Kun zagaya, kun zagaya, kun dawo rumfata. Kawo ta ranar Laraba da safe kafin a ɗauke wuta, ka taho da Auta ya riƙe mini.